Ƙullutun da Ba Ya Cikin Takardar Maki

Mahaifiyata ce ta koya mini gaisuwa, kuma ba gajera ta koya mini ba. A gidanmu da ke Unguwar Mu'azu, in ka durƙusa gaban babba ba ka tashi sai ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi iyali da aiki da ruwan da aka yi jiya. Da wannan tarbiyya na shiga makarantar koyon aikin likita, sai kuma wani ɗan littafi mai shuɗin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki. Su biyun nan kowanne sai da ya ja mini magana.

Littafin ne ya fara. A shekararmu ta ƙarshe an tura rukuninmu ƙarƙashin wani babban likita da kowa a asibitin ke kira Cif. Dogon mutum ne mai tsafta, takalminsa kullum kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Ba zan rage masa komai ba, ya san aikinsa. Yana iya tsayawa a bakin ƙofa ya kalli yadda mutum ke numfashi, ya faɗi abin da ke damunsa, a je a yi gwaji a tarar haka ne. Muna tsoronsa, muna kuma son mu zama kamarsa.

Wata safiya muna zagayen duba marasa lafiya, na sunkuya zan gyara wa wani tsoho matashi, littafin ya zame daga aljihun farar rigata ya faɗi gaban takalmin nan. Cif ya ɗauka, ya buɗe. A gaban ɗalibai goma sha biyu da nas biyu da mutanen da ke kwance, ya karanta wasu layuka da na rubuta a kan ruwan sama yana buga kwanon ɗakin kamar baƙon da ke neman a buɗe masa. Ya ja muryar irin ta maroƙi a gidan biki. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san yadda zan yi da fuskata ba. Ya miƙo mini littafin da yatsu biyu.

"Ashe muna da mawaƙiya," in ji shi. "Allah Ya sa marasa lafiya su riƙa warkewa da baiti."

Daga ranar sunana ya ɓace a bakinsa. Mawaƙiya, faɗa mana dalilan kumburin ƙafa. Mawaƙiya, sauko daga gajimare. Ban riƙe shi a zuciya ba a lokacin. Na ɗauka haka manya ke koyarwa.

Jarrabawar ƙarshe ta aikin hannu muna kiranta oski. Ana jera ɗakuna, a kowanne akwai mara lafiya a kan gado da malami a kan kujera riƙe da takardar maki. A ƙofa an manna abin da ake so ka yi. Ƙararrawa ta kaɗa ka shiga, bayan minti bakwai ta sake kaɗawa ka fita, ko ka gama ko ba ka gama ba. Ita takardar makin tun mako guda kafin ranar ƙananan likitoci ke shirya ta. Su jera abubuwan da aka san suna jikin mara lafiyan, malami ya riƙa sa alama a gaban duk wanda ɗalibi ya ambata. Akwai kuma doka ɗaya da aka yi ta nanata mana tun shekara ta huɗu. In ba ka gano abu ba, a rage maka maki. In ka ce ka ji abin da babu, ka faɗi jarrabawar gaba ɗaya, domin likitan da ke ƙirƙirar alamar cuta ya fi wanda bai sani ba haɗari. Na yarda da dokar nan a lokacin, har yau ma na yarda da ita.

A ƙofar ɗaki na shida an rubuta a duba cikin wannan mata. Na shiga na tarar da Cif a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya. A kan gadon wata dattijuwa ce siririya cikin dogon hijabi ruwan ƙasa. An riga an naɗe mata shi daga ƙasa zuwa ƙarƙashin ƙirji, cikin kaɗai ke waje, wuya da kafaɗu duk a rufe. Haka ake yi wa iyayenmu mata a asibitin: a buɗe inda aka ce a duba, a bar sauran. Yawancin masu shigowa samari ne, kuma ba saurayin da zai kai hannu wuyan mace sa'ar kakarsa in ba an tilasta shi ba. Littafi ya ce duk mai duba ciki ya taɓa gindin wuya kafin ya gama. Kunya ta ce a bari. A wurinmu kunyar ce ke rinjaye, har an daina sa abin a takardar maki.

Na ɗan rusuna na ce, "Iya, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yata."

"Ya jiki? Ya aka baro mutanen gida?"

Ta juyo ta dube ni sosai. "Ke ce ta farko yau da ta tambayi mutanen gida. Suna lafiya. Na baro musu tandar masa, Allah Ya sa kada su ƙona mini."

"Masa kike yi, Iya?"

"A Rido, inda direbobin tanka ke ajiye motoci. Kowa ya san ni. Ki zo ki ci."

Cif ya dubi agogonsa. Da Turanci ya ce, "Mawaƙiya, minti ɗaya ya tafi a gaisuwar biki. In kin gama tambayar kajin gidan, ki duba mana cikin."

Na murza tafin hannuna don su yi ɗumi, na nemi izininta, na fara. Saifarta ta sauko har kusa da cibiya, mai tauri da santsi kamar gefen ƙwarya. Wannan ba sabon labari ba ne. Shekara da shekaru ana kawo ta jarrabawa saboda saifar nan, 'yan ajin gaba da mu ma sun ba mu labarin tsohuwa mai saifa. Na gama da cikin, na ga da sauran lokaci kaɗan.

"Iya, zan sa hannu ƙarƙashin hijabinki in taɓa wuyanki."

"Sa mana. Ai ke mace ce."

Na zura yatsuna cikin ɗan ramin nan da ke gindin wuya ta hagu, bayan ƙashi. Sai na ji shi. Wani abu kamar ƙwayar gurjiya, mai tauri, ba ya motsi. Na danna, ba ta ko yamutsa fuska ba. Na taɓa dama, babu komai. Na dawo hagu, yana nan. Duk ɗalibin likita ya san abin da ƙullutu mai tauri a wannan wurin ke iya nufi: wata muguwar cuta a cikin ciki ta fara aiko da saƙo sama.

Na miƙe na yi bayani da Turanci kamar yadda ake yi. Ina faɗa, alƙalaminsa na sa alama. Da na zo kan ƙullutun, alƙalamin ya tsaya. Ya dubi takardar, ya juya bayanta, ya dawo da ita.

"Ƙullutu," ya ce.

"E, yallaɓai. A gindin wuya, ta hagu."

"Shekara biyar ina kawo matar nan. Kin san ɗalibai nawa suka shigo ɗakin nan yau kafin ke?"

"A'a, yallaɓai."

"Ashirin da uku. Ba wanda ya ji shi sai mawaƙiya."

"Yallaɓai, da za ka taɓa..."

Ƙararrawa ta kaɗa.

Taku uku ne tsakanin kujerarsa da gadon. Na sha ƙirga su a raina daga baya, ina wanke-wanke, ina cikin keke, ina jiran a tayar da salla. Taku uku. Bai sauke ƙafar nan daga kan 'yar'uwarta ba. Ya rubuta wani abu a ƙasan takardar, ya nuna mini ƙofa da alƙalami. Iya ba ta jin Turanci, ba ta san me aka yi a kanta ba. Tana gyara hijabi tana murmushi ta ce, "Sai kin zo cin masa."

Al'ada ce bayan an gama a tara mu a babban ɗaki, malamai su faɗi kurakuran da suka gani ba tare da kama suna ba. Da aka zo kansa, Cif ya miƙe ya ce akwai wata a cikinmu da ta gano ƙullutu a jikin mara lafiya, ƙullutun da babu shi a ko'ina sai a littafin waƙoƙinta. Ya ce ƙarya a bakin likita kisa ce. Bai kama suna ba. Mutum sama da tamanin suka juyo suka dube ni.

Da sakamako ya fito, na ci komai ban da oski. Aka ce sai na sake bayan wata uku. Wata ma'aikaciya a ofishin sashen da ke tausayina ta nuna mini abin da ya rubuta a takardata, kalmomi uku da hannunsa mai kyau: ta ƙirƙiri alama. Takardar kuma fayil ɗina za ta shiga ta zauna.

Faɗuwar ba ta yi mini ciwo kamar kalmomin nan ba. Mutane da yawa sun faɗi sun sake sun wuce. Ni maƙaryaciya aka kira ni. Washegarin jarrabawar na sami ƙaramin likitan da ya shirya takardar makin, na roƙe shi a kira matar a sake duba ta. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ƙanwata, ki bar maganar nan, kada ki ƙara wa kanki. Je ki yi karatu." Na koma gida na bar ta.

Makonni na yi ina zargin yatsuna. Na taɓa gindin wuyana har wurin ya yi ja. Na taɓa na mahaifiyata, na taɓa na ƙannena mata biyu, har ƙaramar ta fara gudu in ta gan ni. Na ce ko ƙullin ɗankwali ne na ji, ko jijiya ce, ko tsoro ne ya yi mini siffa a hannu. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri, malami uba ne. Na ce to. 'Yan ajinmu suna ta ɗinkin bikin rantsuwar zama likita, ni ina kwance ina kallon silin.

Ban san ranar da baƙin cikin ya juye ya zama wani abu dabam ba. Na dai wayi gari na ji yatsuna sun tuna, sarai, kamar yadda harshe ke tuna tsakuwa a cikin shinkafa. Yana nan. Na ji shi. Daga nan wata mace da ban sani ba ta tare a jikina. Ni da ko kyankyaso ba na iya takawa, sai na share shi waje da tsintsiya, sai ga ni ina zaune ina tsara wa mutum wulaƙanci. Na ga Cif a raina yana zamewa a gaban ɗalibai, takalmin nan na sama. Na gan shi kwance a gadon jarrabawa, an naɗe masa riga, ɗalibai ashirin da uku suna latsa shi ba mai ce masa sannu. Na ciro littafin nan mai shuɗin bango, amma ba waƙa na rubuta ba. Shafi bayan shafi na cika da abin da zan faɗa masa in na same shi. A sujada ma na rasa abin roƙo sai guda ɗaya: Ya Allah, Ka sa hannunsa ya taɓa shi, a gaban mutane.

Mako biyar bayan jarrabawar, ranar wata Litinin da safe, na ce wa mahaifiyata zan je laburare, na hau mota zuwa Rido. Gaisuwar da Cif ya yi mini ba'a a kanta ita ta ba ni adireshin. Zan faɗi gaskiya a nan tunda a kan gaskiya ake maganar: duk tsawon hanyar addu'a nake yi in tarar ƙullutun yana nan. Na san abin da kasancewarsa ke nufi ga matar. Na sani sarai, na yi addu'ar duk da haka.

Ban sha wahalar samunta ba. Tankoki jere a bakin hanya, ƙasa ta yi baƙi da mai, can baya dogayen bututun matatar mai suna tsaye shiru. Na tambayi wani direba mai masa, ya nuna mini rumfa da baki. Tana zaune kan kujera 'yar tsugunno tana juya masa da tsinke. Ta ɗaga kai, ta ƙura mini ido, sai ta tafa hannu.

"Mai gaisuwa! Wallahi kin cika alkawari. Zauna, zauna. Da miya ko da sukari?"

Ta rame. Wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya. Na ci masa biyu don kada ta ji ba daɗi, sannan na roƙe ta mu shiga ciki. A ɗakinta ta cire hijabin da kanta. Ba sai na lalubo ba. Ƙullutun ya girma, ya kai goro, har ana ganin tudunsa in ta juya kai.

Abin da ya fara zuwa mini daɗi ne. Wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Bayansa kunya ta biyo, amma ta tarar daɗin ya riga ya zauna, ba ta iya tashinsa ba.

"Na jima da jin sa," in ji Iya. "Na ɗauka kaluluwa ce. Abinci ma yanzu loma uku na ƙoshi."

"Kin faɗa wa likita?"

"Wa ya tambaye ni? Su ciki suka sani."

Na ba ta labarin duk abin da ya faru a ɗaki na shida da babban ɗakin taro. Tana ji tana buɗe ido. Da na gama ta dafe ƙirji.

"Wato da Turanci ya ƙaryata ki a kaina, ni ina kwance ina washe baki kamar wawuya? Shi dogon nan mai agogo?"

"Shi, Iya."

"Yaushe yake zama ganin mutane?"

"Alhamis."

"To Alhamis ɗin za mu."

A ranar nan ta Litinin akwai wani likitan da ke zama, mutumin kirki, da ya gan ta kafin azahar in na kai ta. Na san da haka. Ban faɗa mata ba.

A hanyar dawowa na sauka a Mahuta wurin wata ƙawata. Tare muka yi ɗaki shekara huɗu, 'yar Kudancin Kaduna ce, ita ke tashina sahur da azumi, ni nake ajiye mata abinci ranar Lahadi in ta tafi coci. Ita ta ci jarrabawarta. Na same ta tana tsefe kai a tsakar gida, na zayyana mata komai ina rawar murya don murna. Ba ta taya ni ba. Ta ajiye matsefin.

"Tsaya, 'yar'uwa. Yau Litinin. Me ya hana ki kai ta yau?"

"Alhamis ce ranar Cif."

"Na san ranar Cif. Abeg, don Allah amsa mini. Matar kike so ta warke, ko Cif kike so ya mutu?"

"Duka biyun."

"Ke ce kuwa? Ke da kika yi kuka ranar da aka yanka ɓeran gwaji?"

"Ni ce. Kwana uku ba za su canza komai ba."

"Haka shi ma zai ce a kan taku ukunsa."

Maganar ta shige ni, ban nuna ba. Na sha ruwa, na yi mata sallama. Ban canza ranar ba.

Alhamis tun bakwai da rabi muna kan benci. Ban sa farar riga ba. Atamfa na ɗaura da mayafi, na riƙe wa Iya kati da jaka kamar kowace 'ya da ta rako uwarta. Sai wajen sha ɗaya nas ta kira mu. Cif yana bayan tebur, ɗalibai takwas 'yan aji huɗu sun kewaye shi a tsaye, kowa da littafi a hannu. Abin da na jira ke nan. Na san irinsu, na taɓa zama su. Duk abin da suka gani a ɗakin nan, kafin la'asar ya gama zagaya makaranta.

"A'a, mai saifa!" in ji shi da Hausa, da fara'arsa. "Ai ba lokacin jarrabawa ba ne, Iya." Sai idonsa ya sauka a kaina. Fara'ar ta tsaya inda take. "Mawaƙiya. Ba karatu ya kamata a ce kina yi ba?"

Na buɗe baki, duk shafukan nan da na cika suka gudu suka bar ni. Iya ce ta karɓa. Ba ta zauna a kujerar da aka nuna mata ba, ta wuce ta hau gadon dubawa da kanta.

"Likita, shekara biyar kuna latsa mini ciki kamar gwanda a kasuwa. Na hana ku? Ban hana ba. Na ce yara ne, su koya. To yau ba cikin na kawo ba."

Ta kama hijabin ta yaye shi gefe, ta karkatar da kai. Samarin cikin ɗaliban suka sunkuyar da ido.

"Ku ɗago, ba tsirara na yi ba, wuya ne. Kai kuma taso ka taɓa. Na haifi kamarka, ba abin kunya a nan."

Ya dubi ɗaliban, kamar zai ce wani ya je ya duba ya faɗa masa. Iya ta riga shi.

"Ba su na ce ba. Kai."

Ya ajiye alƙalami. Ya tura kujerar baya. Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wannan ɗakin ya fi wancan faɗi da taku ɗaya, na ji daɗin ƙarin. Ya sa yatsunsa dogaye a gindin wuyanta. Ban kalli hannun ba, fuskar na kalla. Na ga lokacin da ya ji shi. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa ya koma. Ya taɓa dama. Ya dawo hagu, daidai yadda na yi. Ya daɗe a wurin fiye da yadda ake bukata.

Daga nan likitan da ke cikinsa ya farka. Ya shiga jero mata tambayoyi da sauri, yaushe ta fara ramewa, tana amai, wane launi ne bayan gidanta. Ya ce nas ta kawo takardun gwaji. Ya juya ga ɗaliban ya ce su zo ɗaya bayan ɗaya su nemi izini su taɓa, domin wannan alama ce da ba a mantawa. Ya fara yi musu darasi a kanta, da muryar nan tasa mai daɗin sauraro, kamar shi ya gano ta yanzu. Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Na ga abin zai wuce haka nan, ya zama wani kyakkyawan darasi na Cif.

Na ce, da Hausa don Iya ta ji, "Yallaɓai."

Ɗalibi ba ya katse Cif.

"Yallaɓai, akwai ko babu?"

Ya tsaya da bayansa gare ni. Fanka na juyawa a sama. Wata yarinya a cikin ɗaliban ta rufe baki da littafi, na gane labarin babban ɗakin taro ya kai har ajinsu.

"Akwai," ya ce, can ƙasa.

Iya ta sa hannu a bayan kunne. "Ɗaga murya, likita. Ni kunnena ya tsufa."

"Akwai, Iya."

"To. Yarinyar nan ta faɗa maka tun wancan watan."

Ya koma tebur ya ci gaba da rubutu, na ga alƙalamin ya huda takardar a wuri ɗaya.

Ba a canza sakamakona ba, an ce kwamiti ya riga ya zauna. Na sake jarrabawar cikin damina a gaban wani malamin, na ci. Iya kuwa Cif ya tsaya a kanta da gaske, ya yi ta kiran waya har aka yi mata gwaje-gwajen cikin 'yan kwanaki. Ciwon daji ne a tumbi, ya riga ya yaɗu. Ta ga ƙarshen wannan daminar, ba ta ga ta gaba ba. Ina zuwa Rido duk ranar da na samu, har lokacin da 'yarta ta karɓi tandar, ita tana kwance a ciki tana yi mata faɗan ta cika wuta. Yanzu da na yi shekaru ina aikin, na san mako biyar ɗin nan da wuya su canza ƙarshen. Kwana ukuna ma haka. Sanin bai sa na sauke wa Cif nasa laifin ba, bai kuma sauke mini nawa ba.

Ranar da na je karɓar takarduna, ma'aikaciyar nan ta buɗe fayil ɗin ta juyo mini da shi. An ja layi ɗaya a kan kalmomin nan uku, siriri, da sa hannun Cif a gefe. Har yanzu ana iya karanta abin da ke ƙarƙashin layin. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Mahaifiyata ta ce layin nan shi ne ban haƙurin manya, in karɓa. Na ce mata na ji.

Garin ba shi da girman da za mu ɓace wa juna. Mukan haɗu a taron likitoci, a ɗaurin aure, wani lokaci a barandar asibiti yana sauri ɗalibai na bin sa. Ya fara furfura. Ya daina ce mini mawaƙiya, likita yake cewa. Duk inda na gan shi nakan tare hanya, in rusuna kamar yadda aka koya mini a gida, in fara. Yallaɓai, ina kwana. An tashi lafiya. Ya gajiya. Ya aiki. Ya Hajiya. Ya yara, ya wanda ke karatu a waje. Ya muka ji da ruwan jiya. Ba na tsallake ko ɗaya, ba na sauri, kuma nakan jira amsar kowacce kafin in ɗauko ta gaba. A gaban mutane ba yadda zai yi da mai gaishe shi. Yana tsaye yana cewa lafiya lau, lafiya lau, alhamdu lillahi, idonsa na son zuwa kan agogo yana hana shi. Nakan kai shi minti ɗaya cur. Ranar da na tashi da Iya a raina, nakan tambayi har mutanen ƙauye.